Ina cikin shataletale aka buge ni, to me ya sa ake cewa da laifina?

"Salam Malam, dan Allah ina neman ƙarin haske. Ban daɗe da fara tuƙi ba. Satin da ya wuce ina cikin shataletale ina zagayawa sai wani ya shigo ko rage gudu bai yi ba, ya daki ƙofar baya ta ɓangaren dama. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo, kuma duk wanda ke wurin ya ce shi ne da laifi, shi ma ya amsa. Amma da na koma gida kawuna da ya koya min mota ya ce wai da na iya tuƙi da ba a buge ni ba. Gaskiya maganar ta min ciwo. Ya za a yi ina da gaskiya kuma a ce da laifina? Sannan har yanzu ina rikicewa a mararrabar da ba danja ba alama, wa ya kamata ya fara wucewa?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba, mun gode Allah da abin ya tsaya kan ƙarfe. In na fahimce ka abu biyu kake tambaya, wa doka ta ce ya tsaya ma wani, sannan ya za a yi mutum yana kan hannunsa a ce masa bai iya tuƙi ba. Aikina koyar da tuƙi ne kuma wannan gardamar kusan duk ɗalibin da ya fara fita shi kaɗai sai ya dawo min da ita. Kai da kawunka ba magana ɗaya kuke ba. Mutanen da suka taru suna amsa tambayar wa ya karya doka, kuma sun amsa daidai. Shi kawu yana tambayar ko akwai abin da za ka iya yi motocin nan biyu ba su haɗu ba. Lafazin nasa ya yi zafi kam, amma tambayar tasa ita ce wadda take raya direba.

Yadda aka rubuta dokar

A 1968 ƙasashe suka taru a birnin Biyana na Austriya ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi yarjejeniya kan tuƙi a hanya, kuma dokokin ƙasashe da yawa daga can suka ɗauko tsarinsu. A ciki an faɗi ma'anar ba da hannu, cewa direban da aka ɗora wa wannan ba zai ci gaba ko ya shigo ba in har shigowar tasa za ta sa wani ya taka burki kwatsam ko ya karkatar da sitiyari ba shiri. Ka lura da kyau, ba sai an yi karo ba, in ka sa mutum ya ja burki da ƙarfi saboda kai to ka riga ka karya. Ka kuma lura cewa umarnin yana kan wanda zai tsaya ne. Ba inda aka ce wa ɗayan kai kuma ka danna totur ka wuce ko me zai faru. Hasali ma wannan yarjejeniyar ta ce duk direban da ya doshi mararraba ya ƙara kula gwargwadon yanayin wurin, ba ta cire mai hannu ba. Ni yadda nake faɗa wa ɗalibaina shi ne, hannu kamar bashi ne da kake bin mutum, haƙƙinka ne ba shakka, amma sai ya biya zai shiga aljihunka. Kafin ka ga motarsa ta rage gudu da idonka bai biya ba tukuna.

Wa zai fara wucewa

Abin yana da matakai, na sama yana soke na ƙasa. In akwai jami'in da ke ba da hannu to shi za ka bi ko da danja ta nuna wani abu daban. In babu shi sai danja. In babu danja ko ta mutu sai alamomi da zanen kan kwalta, ja mai kusurwa 8 tana nufin tsayawa cak, tayoyi su daina juyawa, ba wai ka ɗan rage ka silale ba, ita kuma mai kusurwa 3 da aka kifa kanta ƙasa tana nufin ba da hannu, ba dole ka tsaya ba in hanya a buɗe take amma ka zo da shirin tsayawa. An ba su siffar da ba ta kama da ta sauran alamomi saboda ko ta baya ka hange su ko ƙura ta rufe rubutun za ka gane su.

To in duk babu waɗannan, nan ne tambayarka ta biyu. Da farko duba girman hanyoyin, wanda ya fito daga harabar gida ko gidan mai ko wurin fakin ko wata 'yar hanyar ƙasa zai hau kwalta shi zai jira, ba gardama. In hanyoyin daidai suke, a ƙasashen da ake tuƙi ta hannun dama ƙa'idar ita ce wanda ya ɓullo ta damanka shi za ka bari ya wuce. Faransa da Jamus sun riƙe wannan sosai, har mota za ta fito daga ƙaramin layi ta dama cikin gari kuma ita ke da hannu, sai in an kafa alamar nan mai launin ɗorawa da farin gefe da ke nuna kana kan hanya mai fifiko. A Amurka da Afirka ta Kudu akwai mararrabar da kowane ɓangare an sa masa alamar tsayawa, wanda ya riga tsayawa shi ke riga tafiya. A Ingila kuma, inda ake tuƙi ta hagu, mararrabar da ba zane ba alama cewa suka yi ba wanda ke da hannu, kowa ya yi hattara. Kaga dole ka buɗe littafin dokar hanya na ƙasar da kake tuƙi ka ga wanne ta ɗauka, ni dai ba zan yanke maka wannan daga nan ba.

Sauran ba su cika bambanta ba. A inda ake tuƙi ta dama, wanda zai yi kwanar hagu ya tsallake hannun masu tahowa shi zai jira su. Wanda zai canza layi ko zai tashi daga fakin shi zai jira, sigina roƙo ce kawai ba ta ba ka hannu. In wata mota ta lalace a layin da kake kai za ka jira masu tahowa su wuce kafin ka kauce mata. A matsattsiyar hanyar kan dutse mai gangarowa shi ke kaucewa mai hawa. Motar asibiti ko ta kwana-kwana da ta kunna jiniya kowa ya matsa. Sannan ko danja ta ba ka kore, in ka ga gabanka a cushe yake za ka maƙale a tsakiya, to kar ka shiga.

Mai tafiya a ƙasa kuma ni ba na ma tsayawa lissafin wa ke da hannu a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. In mutum ya sa ƙafa a titi, a kan layin tsallakawa ne ko ba a kai ba, ka tsaya.

Shataletale

A naka al'amarin doka tana tare da kai a kusan ko'ina, wanda ke ciki shi ke da hannu, mai shigowa ya jira. Amma ba haka abin yake tun asali ba, a da mai shigowa ake ba hannu a wurare da yawa, sai da'irar ta cika ta kulle ba mai fita ba mai shiga. Ingila ce ta mayar da shi doka a 1966 cewa mai shigowa ya jira na ciki, da aka ga ya yi aiki sai sauran ƙasashe suka bi. Har yau akwai 'yan tsofaffin wurare da suka saura kan tsohon tsari, kamar katafaren da'irar nan da ta kewaye ƙofar tarihi ta Arc de Triomphe a Paris. Shi ya sa nake cewa ɗalibi ya nemi alamar kusurwa 3 ɗin a bakin shiga kar ya dogara da sabo.

Yanzu bari mu koma wurin da aka buge ka. Motar ta daki ƙofar baya ta dama, wato ka riga ka gota bakin shigarsa da rabin mota. Wannan yana nufin daƙiƙa biyu ko uku kafin karon yana can yana tahowa ta gefen damanka a fili, sai in wani abu ya kare shi. Tambayar kawu kenan, a wannan daƙiƙa biyun ina idonka yake? Yawancin sabbin direbobi idonsu na kan bayan motar gabansu ko kan inda za su fita, kuma ba laifinsu ba ne, kwakwalwa tana fama da sitiyari da giya da sigina duk lokaci ɗaya. Wanda ya goge kuwa duk bakin shiga da zai gifta sai ya jefa masa ido tun daga nesa.

Abin da ake dubawa ba sigina ba ce. Ina zaune gefen ɗalibi mu doshi irin wannan wurin sai in ce kalli motar can, faɗa min za ta tsaya? Ga yadda ake ganewa. Motar da aka taka wa burki hancinta yana ɗan duƙawa ƙasa, in ka ga hancin a miƙe yana tahowa yadda yake to ƙafarsa ba ta kan burki. Sai tayar gaba, tana rage juyawa ko a'a, kuma ina ta nufa. Sai kan direban, wanda zai ba ka hannu dole ya juyo ya kalle ka, in kana ganin ƙeyarsa ko gefen fuskarsa yana hira da na kusa da shi ko kansa a sunkuye kan waya, wallahi bai ma san kana duniya ba. Da ka ga haka ka ɗauke ƙafa daga totur ka ɗora ta saman burki ba tare da ka taka ba, ka ɗan taɓa hon sau ɗaya. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, ko ya farga ya tsaya ko ya wuce ta gabanka kana kallo.

Kuma in shataletalen mai layi biyu ne kar ka jera kafaɗa da kafaɗa da wata mota, ka ɗan riga ta ko ka ɗan bari ta riga ka. Tirela ko tanka kam kar ka ma gwada shiga gefenta a ciki, tayoyin bayanta suna yanke kwana su shigo inda kake kuma direban ba ya ganinka ta nan.

Inda maganar kawu ta samo asali

Ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Kamfanonin da ke da motoci da yawa sun daɗe da raba tambayoyin nan biyu, bayan an gama maganar wa ke da laifi a doka sai su zauna su duba ko direbansu ya yi duk abin da hankali zai iya don kauce wa haɗarin. Direba zai iya fita ba laifi a wurin 'yan sanda amma a wurin aiki a ce haɗarin mai kaucuwa ne. A Amurka wani mai suna Harold Smith ya fara koyar da irin wannan tuƙin a 1952, majalisar kiyaye haɗurra ta ƙasar kuma ta buɗe nata kwas ɗin a 1964. Cikin abin da Smith ya koyar guda biyu sun fi zauna min, ka bar wa kanka mafita, kuma ka tabbata sun gan ka. Sauran duk maganar ido ce, ka hangi nesa, kar idonka ya kafe wuri ɗaya.

Dalilin da ya sa hangen nesa ya fi saurin ƙafa lissafi ne kawai. A gudun kilomita 50 a awa kana cin kusan mita 14 duk daƙiƙa ɗaya, a 100 kusan mita 28. Daga ganin haɗari zuwa ƙafa ta taɓa burki mutum mai natsuwa yana cin daƙiƙa 1 zuwa 1.5, kuma a wannan lokacin motar ba ta rage komai ba. Shi kuma nisan burki ba ninki biyu yake ba in ka ninka gudu, ninki huɗu yake. A busasshiyar kwalta da taya mai kyau, a 50 za ka ci kusan mita 14 kana burki, a 100 kusan mita 55. Ga wanda ya fi girgiza ɗalibaina, motoci biyu a jere, ɗaya tana 50 ɗaya tana 60, suka ga yaro lokaci ɗaya suka taka burki bayan daƙiƙa ɗaya. A daidai inda mai 50 ta tsaya cak, mai 60 tana kan gudun kusan 40. Bambancin gudun kilomita 10 ne kawai a awa amma ka ga abin da ya haifar. To ɗora ƙafa saman burki tun kafin a buƙata yana rage maka wancan ɓataccen lokacin ne, a shataletale kuwa mita uku ko huɗu su ne tsakanin a buge ka da a wuce ka.

Tazara ma haka. Ka zaɓi wani abu a gefen hanya, falwaya ko alama, motar gabanka na gifta shi ka fara ƙirga, in ka iso kafin daƙiƙa 3 ka matso da yawa. Wasu ƙasashen 2 suke koyarwa, ni 3 nake ba sabon direba, in ana ruwa ko dare ne ya ninka. In kun tsaya a danja ka tsaya inda kake ganin tayoyin bayan motar gabanka suna taɓa kwalta, don in ta mutu ko wani ya taho ta baya ba burki kana da wurin zamewa. Wanda kuma ya manne maka a baya kar ka taka masa burki don ka koya masa hankali, ka ƙara tazarar gabanka don tsayawarka ta zama a hankali, in ka samu wuri ka bar shi ya wuce.

Wuraren da mai hannu ya fi shan bugu

Lokacin da danja ta ba da kore. Daƙiƙar farko ita ce ta masu ƙoƙarin tsere wa ja ta ɗaya ɓangaren, saboda haka kafin ka tashi ka kalli hagu, ka kalli dama, ka sake kallon hagu, in tuƙin dama kuke hagun ce ta fi kusa da kai. Ba zai ci maka daƙiƙa ɗaya ba, na baya ya yi hon ɗinsa.

Sai wanda nake kira tarkon kirki, wannan ya ci mutane da yawa. Kana son tsallake hanya mai layi biyu, mai kirki a layin farko ya tsaya ya ɗaga maka hannu ko ya haska maka fitila ya ce wuce. Shi layinsa kaɗai ya ba ka, ba shi da iko da layi na biyu, kuma motarsa ta kare maka mai babur ko motar da ke tahowa a guje ta gefensa. In za ka karɓa ka silala a hankali har sai ka ga layin na biyu da idonka. Hasken fitila ma ba shi da ma'ana ɗaya, wani yana nufin wuce, wani yana nufin gani nan tafe kauce, dokar Ingila ma cewa ta yi ma'anarsa kawai ina nan. Kai ma in kana jiran kwanar hagu a tsakiyar titi ka bar tayoyinka a miƙe kar ka murɗa sitiyari tun kafin lokaci, in aka buge ka ta baya tayar a murɗe cikin masu tahowa za a tura ka, ya zama taho mu gama.

Amma ina so in ja maka kunne kan ɗaya ɓangaren, don na san abin da ke biyo bayan haɗarin farko. Mutum ya tsorata ya koma ba kowa hannu ko'ina, ya tsaya cak a tsakiyar shataletale don wani ya shigo, ya taka burki a babban titi saboda mota ta leƙo daga layi. Wannan ba kariya ba ce, na bayanka bai zaci tsayawarka ba, shi kuma wanda ka tsaya wa ya rikice. Tuƙin kariya ya haɗa da ka zama wanda ake iya karanta shi. In hannunka ne kuma ka ga an ba ka, ka wuce da natsuwa ba tare da jan ƙafa ba. Sakin hannu sai in ka ga alamar ba za a ba ka ba.

Iyakar abin da zan iya cewa

Ban ga wurin ba, saboda haka ba zan ce lallai naka haɗarin mai kaucuwa ba ne. In babbar mota ko gini ko shuka ta kare bakin shigar, ko gudunsa ya wuce hankali, zai yiwu ko wanda ya shekara da shekaru a sitiyari sai an buge shi. Akwai haɗarin da ba dabarar da ke hana shi, shi ya sa bel yake nan. Maganar biyan gyara da inshora kuma doka ce ke yanke ta ba ni ba, kuma duk abin da na faɗa bai rage komai daga laifin wanda ya buge ka ba.

Abin da zan ba ka ka yi shi ne wanda ake horar da direbobin 'yan sanda da shi a Ingila, tuƙi kana faɗin abin da kake gani da baki. Ka roƙi kawu ya zauna gefenka, ku fita lokacin da ba cunkoso, kana tafiya kana cewa ga mararraba can, farar mota ta dama ba ta rage ba, na ɗauke ƙafa, ga mai babur a madubin hagu, ga yaro bayan motar da aka faka. Da farko bakinka zai riƙa sarƙewa kuma za ka ga kana rage gudu da kanka don maganar ta kamo hanya, haka ake so. Duk abin da kawu ya hango kafin ka faɗa ya gaya maka, bayan kun tsaya ka tambaye shi da me ya gane. Ku fara da ƙananan layuka, sai mararraba mai danja, shataletale mai layi biyu ya zo daga ƙarshe.